Masu Zuwa Gaisuwa

Idan magidanci mai neman na kansa ya rasu, irin wanda rayuwarsa ta ƙare tsakanin wurin aiki da masallaci da ƙofar gida, kwana ukun zaman makoki kan tara masa mutanen da bai taɓa samun sukunin zama da su ba. Kawuna irin wannan ne. Ya yi shekaru yana aikin dare a masaƙa a Kakuri, da masaƙun Kaduna suka rurrufe a shekarun 2000 sai ya koma Kasuwar Barci yana sayar da gwanjo, da shi ya ɗauki karatun 'ya'yansa. Shi ba mai magana ba ne. Masu magana su suka cika tabarmi.

Jagoransu shi ne Aminin Mamaci. Ba wanda ya taɓa ganinsa a gidan, amma tun kafin a dawo daga maƙabarta ya samu wuri kusa da babban ɗa, ya jawo matashi ya kishingiɗa. Duk wanda ya durƙusa ya ce "Ya haƙuri?", shi ke riga kowa amsawa. Daga nan sai ya girgiza kai: "Jiya-jiyan nan fa muna tare!" Alhali bawan Allah ya shafe makonni a gadon asibiti. Labarinsa kuma girma yake yi kamar kabewa da damina. Ranar farko a motar haya suka saba. Rana ta biyu tare aka ɗauke su aiki a masaƙa. Kafin sadakar uku, shi ne ya kai kuɗin auren uwargida. Ba ya rasa wata magana ta ƙarshe da mamaci ya yi masa shi kaɗai: "Ya kalle ni, ya ce, Malam, duniyar nan... sai ya yi shiru. A nan jikina ya ba ni." Shi ke aiken yara su cika butoci, shi ke nuna wa manyan baƙi wurin zama. In an fito da waina sai ya kawar da kai, wai abinci ba ya shiga tun da abin nan ya faru, hannunsa kuwa bai ji wannan bayani ba. Da yamma na ji ya jawo wani yaro yana yi masa raɗa: "Wai mata nawa ya bari ne?" Duk da haka ban ƙi shi ba. Daga asuba har isha'i, tabarmar ba ta taɓa zama wayam ba saboda shi.

Akwai Likitan Bayan Rasuwa, mai son jin cutar dalla-dalla don ya ce da an neme shi, ya san wani mai magani a Zariya. Akwai Mai Waya, wanda ana tsakiyar Fatiha wayarsa za ta ɗau ruri, ya ɗauka yana ƙasa-ƙasa da murya: "Ina wurin gaisuwa ne... a'a, buhun bai kai haka ba." Akwai Ɗan Facebook, wanda kafin a gama wankan gawa ya sa hoto, 'yan uwa na Legas a can suka fara ji. Ɗan takara kuwa zai zo da jerin motoci, ya tsaya iya lokacin da mai hoto yake buƙata.

Sai Malam mai addu'a. Salati goma, ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya, ka shafa kana shirin miƙewa, sai ka ji "Mu ƙara da Fatiha ga iyayenmu." A gefensa ga mutum biyu, ɗaya na cewa sadakar uku bidi'a ce, ɗayan na cewa haka muka taras. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 manyan malamai ke wannan muhawara, su kuma sun ƙudurta a kan wannan tabarma za a kammala ta. Kwanon ƙosai ɗaya suke ci.

A cikin gida, in ji ƙanwata, akwai wadda kukanta ke farawa daidai bakin zaure, ya tsaya cak da ta hango atamfar ƙawarta. Batun bashi kuma, da aka yi cigiya a wurin jana'iza, masu bin sa sun ji sarai, waɗanda yake bi ne lasifikar ba ta kai gare su ba. Akwai ma wani a jikin bango, kai a sunkuye, leɓe na motsi, jama'a na ganin tasbihi yake, alhali halayen mutane yake ƙirgawa don ya samu abin rubutawa.

Duk waɗannan na yafe musu. Wanda har yau raina ke ɓaci in na tuna shi, shi ne Ni-ne-ubanku-yanzu. Ɗan uwan mamaci ne na jini. Lokacin da mutumin nan ke raye, yana taka keke cikin hunturu don kada tukunya ta kwana ba a ɗora ba, shi ne mai kiransa mijin tace, wai komai ya samu sai mata da 'ya'ya. Bai leƙa asibiti ba. Amma ranar farko zai tara marayu, ya share ido da bakin riga: "Kada ku damu, ni ne ubanku yanzu." Rana ta biyu yana tambayar inda takardun gida suke, wai don ya adana. Matar da za ta yi wata huɗu da kwana goma tana takaba, shi ya riga ya lissafa mata tumuninta, har ya samo dillalin da zai zo ya ga ɗakunan waje. Ilimin gadonsa ya kai nan, bai kai inda aka ce ɗan uwa ba ya cin komai in akwai ɗa namiji ba. Da liman ya tuna masa, ko sadakar bakwai bai tsaya ba. Da aka koma makaranta autan gidan ya kira shi kan kuɗin jarrabawa, ya ce wa ke magana.