Kaka, Taku Nawa Ka Yi Jiya?

Kaka, rage muryar rediyon nan mu yi magana. Kada ka harare ni. Tsakanin jika da kaka babu fushi, kuma ko ka fusata ba za ka kamo ni da gudu ba. Tambaya ɗaya ce: jiya, daga asuba zuwa lisha, motsi nawa jikinka ya samu?

Ka ce ko zama ba ka yi ba? Haba Kaka! Ni da na gan ka da idona a gindin darbejiya, inuwa ta matsa ka ja tabarma, ta sake matsawa ka sake ja. Ka ce ai sau biyar kake zuwa masallaci? Allah ya karɓa. Sai dai masallacin nan katanga ɗaya ce tsakaninsa da zaurenmu. Lada kam buhu-buhu, taku kuwa bai cika mudu ba.

Kwantar da hankalinka, ba kai kaɗai ba ne. A Amurka, cikin binciken lafiyar ƙasa na 2003 zuwa 2004, an ɗaura wa dubban mutane wata 'yar na'urar auna motsi a kwankwaso har kwana bakwai. Da baki, kusan rabin manya suka ce suna motsa jiki yadda ake so. Da aka tambayi na'ura, sai ta ce ba su kai biyar cikin ɗari ba. Ka ce Turawa maƙaryata ne? A'a, mantuwa ce da son kai, irin naka. Tafiyar minti goma ce zuwa kasuwa, ka tsaya gaisuwa uku, jaje ɗaya, barka biyu, ka dawo ka ce awa guda ka yi kana tafe.

Ka ce ai tambayoyin da Turanci ne, shi ya sa ake ruɗewa? Wannan ƙofar ma an toshe ta. Tun 2011 masu bincike a Jami'ar Maiduguri suka mayar da takardar tambayoyin motsa jiki ta duniya zuwa Hausa. Abin da take nema shi ne ka tuna kwana bakwai da suka wuce: kwana nawa ka yi aikin ƙarfi, minti nawa ka taka, awa nawa ka zauna. Kai da ke neman tabarau alhali yana kan goshinka!

Ka ce to wa ya aza mana wannan jangali? Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2020. Wanda ya kai shekara 65 ana son ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsi, wato irin wanda za ka iya magana kana yi amma waƙa ta gagare ka. A haɗa da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu, da na daidaita tsayuwa kwana uku don gudun faɗuwa. Ka ce noma fa? Yana ciki, sosai ma. Amma rabonka da fartanya tun zamanin Shagari, kuma hukumar ba ta karɓar bashi.

Na ga kana murmushi, wai a kawo na'urar a raba gardama. Tsaya tukuna, ita ma ba waliyyiya ba ce. Mai ƙirga taku ta kwankwaso, in tafiya ta yi sanyi ana jan ƙafa, sai ta riƙa tsallake wasu takun kamar ba a yi ba. Kuma awon da aka fi raba motsi mai sauƙi da matsakaici da shi, a jikin matasa aka fara gwada shi. Saurin da ɗan shekara 25 zai yi yana latsa waya, ɗan shekara 80 haki yake yi a kansa, amma na'ura ta rubuta wai bai yi komai ba. Dubi Iya kuma: ta yi surfe, ta yi daka, ta ja guga, duk a tsaye wuri ɗaya. Na'urar kwankwaso sai ta kusa cewa hutu ta sha. In kuwa irin ta hannu ce mai kama da agogo, nan kuma kai ne da riba: ka zauna a majalisa kana kaɗa mafici, kana wurga hannu kan gardamar siyasa, tana iya rubuta maka taku. Waya? Taka wuni take a shagon caji. Baki yana ƙari, na'ura tana ragi ko ƙari, shi ya sa masu bincike na ƙwarai kan haɗa biyun, su ɗaura maka na'ura su kuma tambaye ka me ka yi.

Ka ce ka ji wai sai an yi taku 10,000 kullum, don haka ka haƙura tun ba a fara ba? Kai, Kaka, wayo! Wannan lamba talla ce. A 1965 kamfanin Yamasa na Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku mai suna Manpo-kei, ma'anarsa ma'aunin taku dubu goma, suna ya bi duniya har ya zama kamar doka. A 2019 Dakta I-Min Lee ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta suka wallafa binciken mata sama da 16,000, matsakaicin shekarunsu 72. Masu taku wajen 4,400 a rana an samu ƙarancin mutuwa a cikinsu fiye da masu 2,700, kuma amfanin ya yi ta hawa har wajen 7,500, daga nan ya daidaita. Ka ce wannan mata ne? To, yau kuma Iya za ka bari ta tsere maka?

Ka ce duk surutu ne, ƙarfinka na nan? Shi ke nan, akwai gwajin da likitoci ke yi wanda bai buƙatar komai sai kujera da agogo. Ka tashi daga kujera, ka taka mita uku, ka juyo, ka dawo ka zauna. In ya kai daƙiƙa 12, alama ce ta haɗarin faɗuwa, sai a duba ka. Ga kujera, na ja layi a ƙasa. Ban da “wash Allah”, ban da tsayawa gyara hula, ban da cewa sai ka gama jin labarai.

Kaka, sandar ta mece ce? A'a, tsaya mana! Lallai, ashe haka ka iya zabura? Koma ka zauna, wallahi ban danna agogo ba.