Maigida, Kai Ma Je A Duba Ka

Mu dai nan Tibati halinmu sai mu. Amarya ta shekara biyu a ɗaki ba ko ɓatan wata, sai magana ta tashi daga bakin rijiya har teburin mai shayi: "Ai juya ce." Uwar miji ta kawo rubutu, gwaggo ta aiko da saiwa daga Banyo, maƙwabciya ta ce a kai ta asibitin Ngaubela a duba mahaifa. Shi kuwa maigida ba mai ce masa uffan. Da kifin Mbakau ya yi kasuwa sai ya ƙaro ta biyu. Ita ma shiru. Ya ƙaro ta uku, bakinmu na nan a kan matan.

Alhali likitoci sun daɗe suna faɗa cewa kusan rabin auren da ba haihuwa, akwai matsalar namiji a ciki. Wani lokacin ma ƙwayar gado ɗaya tak ce sanadi. Akwai wadda ake kira CFTR, da aka gano a 1989. In ta samu tangarɗa, ana iya haifar yaro babu bututun da iri ke bi ya fito. Ga shi ƙato, lafiya lau yake da iyalinsa, amma ruwan babu iri a ciki.

Waccan ta fi yawa ga Turawa. Tamu ta gida ita ce sikila, ita ma ƙwaya ɗaya ce. Mun san ta da ciwon ƙashi da ƙarancin jini, amma ba ma faɗin sauran: tana rage irin namiji, tana kuma sa gabansa ya miƙe da azaba ya ƙi kwanciya sa'o'i. In ba a garzaya asibiti ba, mazakutar na iya mutuwa. Kunya ce ke sa samarinmu su haɗiye wannan, abin tausayi.

Ko haihuwar 'ya'ya mata zalla da muke yi wa mace gori, ƙwayar SRY mai sa jariri ya zama namiji daga uba take zuwa.

A Kano tun 2024 doka ta wajabta gwajin jini kafin ɗaurin aure. Mu ba sai mun jira doka ba. Haihuwa ta Allah ce, amma neman magani ba a kan mace kaɗai ya rataya ba. Malam, kafin ka kai kuɗin auren wata, ɗauki uwargida ku je a duba ku tare.