Jinsunan Abokan Karatu a Zauren Kwadon

Tun daga shekarar da Allah Ya nufe mu da kammala karatu, wasunmu a Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, wasu kuwa a Jami'ar Tarayya ta Kashere da ta biyo baya a 2011, bayan mun sha zaman gida na wata takwas a yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, sai muka ɗora wa kanmu al'ada, cewa duk kashegarin Babbar Salla mu hallara a zauren ɗaya daga cikinmu a Kwadon, bisa hanyar da ta tashi daga Gombe ta nufi Daɗin Kowa, domin mu sada zumunci, kowa ya faɗi inda duniya ta kai shi. To, da yake ni ba ni da labari mai daɗin ji, sai na zama mai kasa kunne, har na lura ma'abota wannan majalisa sun kasu jinsi-jinsi, kamar yadda malaman fiƙihu suke kasa ruwa: akwai mai tsarki mai tsarkakewa, akwai wanda launinsa da ɗanɗanonsa suka jirkita.

Na farko shi ne mai jiran takarda, wanda in ka tambaye shi ina aka kwana, sai ya rage murya, ya waiga dama da hagu, ya ce, "Mutumina, sunana na kan tebur, hannu kawai ya rage a sa." Bara teburin na kwastan ne, bana na shige da fice, kuma kullum akwai wani aminin kawunsa da ya yi alkawari. Ambulan ɗin takardunsa ta ga ofisoshi fiye da masinja, har gefenta ya yi laushi kamar tsohon kundi, amma yaƙininsa bai taɓa raunana ba, wanda da a ibada ya zuba shi, da tuni ya zama waliyyi.

Na biyu mutumin Abuja ne, wanda yakan iso a makare da gangan, cikin shadda mai sheƙi da motar da bai san inda ake buɗe tankinta ba, ya zauna yana kaɗa makulli, yana kukan zafin Gombe kamar ba a nan aka yanke masa cibiya ba. Ba ya faɗin aikinsa, sai dai ya ce, "Muna tare da Oga," kuma har yau babu wanda ya san sunan Ogan ko ma'aikatarsa. Idan aka zo tara kuɗin ƙungiya, a daidai wannan sa'ar Oga yake kiransa a waya, ya fita waje da ladabi, ba ya dawowa sai an shafa fatiha.

Na uku shi ne ɗan bautar ƙasa, ko kofa, wanda tsarin da Janar Yakubu Gowon ya kafa a 1973 ya jefa shi wata jiha ta kudu, ya yi mako uku a sansani, ya dawo da turancin buroka da hikayoyin ruwan sama da sakwara, kai ka ce Ibn Battuta ne ya sauka daga rihla. Tun da aka ɗaga alawus daga naira 33,000 zuwa 77,000 yake tafiya da ƙasaita, yana yi wa na farko nasiha a kan haƙuri, alhali kuwa watanni kaɗan suka rage a sallame shi, ya sayi tasa ambulan, ya zauna kusa da shi a tabarma guda.

Na huɗu ango ne, ko mai shirin zama ango, wanda shekara takan zagayo ba ka ji duriyarsa ba, sai ranar da ya kira ka da tsakar dare yana cewa, "Ɗan'uwa, ka manta da mu," kafin ka gama ba da uzuri ya ambaci ranar ɗaurin aure, da kuɗin anko, da tsadar kayan lefe. Zumuncinsa kamar jinjirin wata yake, ba ya bayyana sai da sababi, in ya bayyana kuwa akwai abin da ya wajaba a kanka.

Na biyar shi ne wanda ya koma neman digiri na biyu, yana kafa hujja da falalar ilimi, ko da yake mun sani, shi ma ya sani, cewa tambayar nan ta dangi, "Har yanzu ba a samu ba?" ita ta kore shi daga gida. Kusa da shi ustazu yake zama, wanda duk labarin da aka bayar sai ya ciro masa hukunci, ya tsoratar da mu fitinar dukiya da wa'azi mai ratsa zuciya, sa'an nan in an watse ya ja mutumin Abuja gefe, ya tambaye shi ko Oga yana bukatar limami.

Na ƙarshe shi ne mai zauren, wanda ya karanta ilimin tattalin arziki kamar yadda wasunmu suka karanta, amma da ya ga layin masu ambulan ya yi tsawo, sai ya naɗe takardarsa ya sa a ƙasan akwati, ya karɓi fadamar mahaifinsa, ya shiga noman rani, wato albasa da tumatir da tattasai da aka san Kwadon da su. Idan aka ce ya ba da labari, iyakarsa ya ce, "Alhamdu lillahi, muna nan muna fama," ya miƙe ya shigo da tire. A da mukan yi masa ba'a da warin albasa, shi kuwa ya yi murmushi, domin ya san shinkafar da ke gabanmu da naman da ke kanta daga wannan warin suka fito, haka kuma kuɗin motar da mai jiran takarda yake komawa gida da shi, wanda ake danƙa masa a soro ba tare da kowa ya gani ba.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in ka halarci irin wannan majalisa, ka saurari masu dogon labari domin nishaɗi, amma in kana son sanin wanda karatunsa ya yi albarka, dubi wanda ya shimfiɗa tabarmar da kuke zaune a kai. Allah Ya buɗa wa mai jira, Ya bayyana mana Oga, Ya kuma sa albasa ta yi daraja bana.