Filta Ya Ƙi Fita, Lens Ya Ƙi Gani: Shawara ga Masu Hoton Makarfi

Da rake ya nuna, aure ya buɗe. Daga Makarfi zuwa Kudan da Hunkuyi, kowace Asabar akwai ɗaurin aure, akwai kuma mai hoto da kyamara rataye a wuya. Lokacin nan ne hunturu ke busa ƙurarsa, kuma lokacin ne kyamarori suka fi yin gardama. Ango ya gyara zaman hula, abokai sun jera, ka danna, sai lens ya yi ta zuu, zuu, gaba da baya, kamar baƙon da ya ɓata a kasuwar rake. Hoto dishi-dishi.

Ɗan'uwa, kafin ka ce sammu aka yi maka, duba gefen lens ɗin. Akwai ɗan maɓalli mai rubutun AF da MF. Idan yana kan MF, to kyamara ta sakar maka aikin saiti ne ka yi da hannunka. Yaron gidan biki da ka ba riƙon jaka ya isa ya tura shi, ba tare da ya san ya yi wani abu ba. Mayar da shi AF. Wasu Nikon suna da irinsa a jikinsu ma, a duba duka biyun.

Bai gyaru ba? Kashe kyamara, cire lens, ka dubi 'yan ɗigon ƙarfen nan masu ruwan zinare a gindinsa. Ta nan lens da kyamara ke gaisawa. In ƙura ta shiga tsakani sai su daina magana kamar kishiyoyi, Canon ta rubuto maka Err 01. Goge su da busasshen ƙyalle mai laushi, kana riƙe da bakin kyamarar yana kallon ƙasa. Ban ce bakin rigarka ba, kuma ban ce yawu ba.

Wani lokaci kuwa lafiyar kyamara ƙalau, laifin na ango ne. Idon kyamara bambanci yake nema, inda fari ya yi iyaka da baƙi. Ka tsayar da mutum cikin farar shadda a jikin farin bango, ga hazo ya rufe gari, me za ta kama? Saita a kan idonsa, ko aikin wuyan rigar, ko zanen hula. Haka ɗakin amarya bayan magariba: a ɗaga labule, a kawo fitila. Kada kuma ka cusa lens cikin lallen amarya, domin 18-55 da yawancinmu ke riƙe ba ya ganin abin da ya matso ƙasa da kamar santimita 25.

Akwai wanda yake ba ni tausayi ƙwarai. Ya tara kuɗin bukukuwa uku, ya sayo Nikon 50mm f/1.8D na hannu, ya ɗaura wa D3200, shiru. Lens ɗin ba shi da injin juya kansa, jikin D3100 da D3200 da D5100 su ma ba su da shi. Kurma ya auri kurma. Ko dai ya juya da hannu, ko ya nemi mai alamar AF-S, ko jiki irin D90 ko D7000. Mai gyara ba shi da abin da zai gyara a nan, kada a ba shi ko sisi.

Sai babbar magana, filta. Gilashin nan da ake murɗawa a gaban lens don ya tare ƙura, shi ma yana jawo rigimar saiti idan ya yi dauɗa. Ka sha rake a bakin rumfa, ka ɗauki kyamara ba ka wanke hannu ba, ruwan raken ya gangara cikin haƙoran murɗin, ƙura ta bi shi, rana ta dafa. Ka haɗa mazarƙwaila a bakin lens ɗinka ke nan, filta ya ƙi fita.

A nan ne ƙarfin ɗan Makarfi ke cutar da shi. Hannun da ya saba karya rake a gwiwa sai ya damƙi filta da yatsa biyu ya matse. Zoben siririn alminiyam ne, kana matsa shi yana lotsawa, yana ƙara cizon haƙoran. A 18-55 na da, waɗanda bakinsu ke juyawa, murɗar ƙarfi takan bi ta ciki ta karya haƙoran injin. Da matsala ɗaya ka zo, ka koma da biyu.

Ga yadda ake lallashinsa. Sa maɓalli a MF. Jiƙa gefen ƙyalle kaɗan, ka bi da'irar zoben, domin ruwa ke narkar da sukari, amma kada ɗigo ya shiga ciki. Naɗa kyauron ɗaure kuɗi a zoben, ka kewaye shi da yatsu biyar sako-sako, ɗayan hannun yana riƙe da bakin lens dab da filtan, ka juya hagu. In ya ƙi, wanke sabon silifa, ko ka shimfiɗa robar tayar keke a tebur, ka kifa fuskar filtan a kai, ka danna kaɗan ka juya lens ɗin hagu. Robar tana kama zoben ko'ina daidai, sai ka ji ya saki. Filtan rage ƙyalli mai zobe biyu ne: na gaban yana juyawa har gobe, na bayan ake kamawa.

Man gyaɗa na ƙosai ne, baƙin mai na babur, filaya ta makaniki, kada ka kai ko ɗaya kusa da lens. In filtan ya fita, goga bakin fensir a haƙoran kafin ka mayar, kuma da ya tsaya ka tsaya.

Idan kyamarar faɗuwa ta yi har zoben ya lanƙwashe, ko lens na ƙara kamar ana niƙan tsakuwa, naɗe shi a tawul ka kai wa mai gyara a Zariya ko Kano. Bikin yau kuma ka ƙarasa shi a MF, ka roƙi abokan ango su daina motsi.