Ƙashinka Yana da Rai, Malam, Ko Ka Ƙi Ko Ka So

Malam mai gardama! Na san ka ko ban taɓa ganin fuskarka ba. Kai ne wanda in aka ce rana ta fito sai ka nemi shaidu biyu adalai. To gyara zama, yau a kan jikinka za mu yi musun, kuma shaidun suna nan cikin rigarka.

Mu fara da ƙirga. Duk ranar da ka taso daga Mubi ka bi hanyar Sahuda ka tsallaka Bukula ta ƙasar Kamaru, ƙasusuwa 206 kake ɗauke da su. Ka wuce shinge da su, ka dawo da su, ba wanda ya ce sauke a duba. Ka ce wa ya ƙirga? Waɗanda suka buɗe suka gani. Ka ce kai dai ba a taɓa buɗe ka ba? Madalla, Allah Ya sa kada a buɗe. Amma miƙo hannu. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsu ƙashi 27 ne. Daga idon sawu zuwa yatsun ƙafa 26. Hannu biyu da ƙafa biyu, 106 ke nan, fiye da rabin abin da ka mallaka. Wato yawancin dukiyar taka tana cikin aljihu da silifas.

Jaririn da aka raɗa wa suna jiya ma ya fi ka, domin da sama da 270 ya zo duniya. Ka ce ina yake kai sauran? Ba ya yar da ko ɗaya, haɗewa suke yi da juna yana girma. Tambayi uwargida ta nuna maka maɗiga, wurin nan mai laushi a tsakar kan yaro da ke ɗan bugawa. Ƙasusuwan kai ne ba su gama haɗuwa ba, don kan ya samu ya matse lokacin haihuwa, ƙwaƙwalwa kuma ta samu filin girma. Yawanci kafin yaro ya cika shekara biyu ta rufe. In kuwa kuka ga ta lotsa yaro yana gudawa, ba shafe-shafe take nema ba. Ruwan jikinsa ne ya ƙare, a ba shi ruwan gishiri da sukari a nufi asibiti.

Na ga ka shafa gefen ƙirji kana murmushi. Ka ce ai namiji haƙarƙarinsa bai cika ba, guda ya tafi wajen mace? Tsaya, ni ban shiga fagen malamai ba. Abin da aka faɗa game da Annabi Adamu da Nana Hauwa'u yana nan inda yake. Da kai nake, ɗan jiya. Goma sha biyu dama, goma sha biyu hagu, 24 ke nan, kai da Hajiya daidai wa daida. Uban da ya rasa yatsa a injin niƙa ai ba ya haifar ɗa mai yatsa tara. In ka lalubo naka ka ji bai cika ba, laifin tumbi ne. A wuyanka kuma ƙashi bakwai ne, daidai da na bijimin da ake tayawa a kasuwar shanu ta Mubi, daidai da na raƙumin dawa. Tsawo kawai ya fi ka, shi kuma ba ya ɗaga wa kowa wuya da gadara.

Yanzu ga babbar gardamar. Ka ce ƙashi ai busasshen itace ne da aka rataya wa nama, ba rai ba jini? Subhanallahi! A gaban jama'a? Taso mu je wajen mahauci, shi ne malaminmu na yau, kuma ba ya karɓar kuɗin makaranta.

Ce masa ya sara maka ƙashin cinyar sa. Ga ɓargo nan mai maiƙo, wanda kake zuƙa a farfesu har maƙwabta su ji. Ce ya ƙara maka da ƙashin ƙirji ko haƙarƙari. Duba cikinsa: ja ne, cike da 'yan ƙananan ramuka, yana tsattsafo da jini. A irin wannan jan ɓargon jikinka ke ƙera jini, jajayen ƙwayoyi wajen miliyan biyu a kowace daƙiƙa. Kafin ka gama cewa "ban yarda ba", an ƙera wasu miliyan biyun, kuma da su za ka ci gaba da musun. Sai ka ce ya ɓalle maka gwiwar san. Kan ƙashin fari ne fat, sumul, yana ƙyalli. Guringuntsi ke nan. Shafa yatsa ka ji wani ruwa mai yauƙi. Shi ke sa ƙashi ya goga ɗan'uwansa shekara da shekaru ba tare da sun cinye juna ba. Waɗancan fararen zaruruwa masu tauri da wuƙa ke yankawa da ƙyar, wasu suna ɗaure ƙashi da ƙashi, wasu suna ɗaure tsoka da ƙashi. Idan na farkon suka miƙe fiye da kima ko suka yage, shi ne targaɗen da ke sa babban mutum ya kira sunan uwarsa.

Ka ce to ka ji, amma in mutum ya gama girma ƙashi ya gama aiki? Ina! Dare da rana wasu ƙwayoyin halitta suna rushe tsohon ƙashi, wasu suna bin su da sabo. A cikin kamar shekara goma an sabunta yawancin kwarangwal ɗinka. Wanda ka yi angwanci da shi ba shi ke jikinka yau ba, halin ne dai bai sauya ba. Kuma ƙashi yana jin aiki. Tun 1892 wani likita Bajamushe, Julius Wolff, ya bayyana cewa inda ake ɗora wa ƙashi nauyi nan yake ƙara kauri, inda aka bar shi zaman banza nan yake zubewa. 'Yan sama jannati da ke shawagi ba nauyi sukan rasa wajen kashi 1 cikin 100 na ƙarfin wasu ƙasusuwansu a kowane wata. Matar da ke hawa da sauka a duwatsun Mandara da kaya a ka, ita da Wolff ba su san juna ba, amma ƙafafunta sun haddace karatunsa. A 1986 an auna matan Luo da Kikuyu a Kenya, aka ga suna ɗaukar kayan da ya kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsu a ka ba tare da sun ƙara kashe ƙarfi ba. Ka ce shi ke nan, a ƙara wa uwargida kaya? Ji ka! Wuya ma yana da iyaka, kayan da ya wuce kima yana cin faifan da ke tsakanin ƙasusuwansa. Kai da ka wuni a kan benci, kai ne ƙashinka ke neman aiki. Karɓi buhun.

Kada ka ce abincin ƙashi sai mai kuɗi. Kashi 99 cikin 100 na sinadarin kalsiyam da ke jikinka a ƙashi da haƙori yake, kuma yana nan a nono da kindirmon da ake talla a ƙofar gidanka, da miyar kuka, da zogale, da ƙananan kifin da ake taunewa da ƙayarsu. Ka ce yaron da ƙafarsa ta bauɗe ko ta yi gwame ai goyo ne ya lanƙwasa shi? Bar zanen goyo ya huta. Wani binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna yaran da ƙashinsu ya yi laushi a ƙasar nan abin da suka fi rasa kalsiyam ne a abinci, kuma da aka ba su suka miƙe. 'Yar bauɗewar da ake gani ga mai koyon tafiya takan gyaru da kanta. Wadda ke ƙaruwa bayan shekara biyu, likita za a kai wa.

Mu leƙa nama. Tsoka sama da 600 ke motsa ka, kuma ba ko ɗaya da ta iya turi. Ja kawai suka sani. Ka ce da me ka tura mota jiya da ta maƙale a taɓo? Kama damtsenka na dama da hannun hagu. Lanƙwasa, ta gaba ta kumbura. Miƙe da ƙarfi, ta baya ta yi tauri. Wannan ta ja nan, waccan ta ja can, kai kuma ka karɓi godiyar direba. Ka ce wacce ta fi girma, kana wani murza damtse? Sauke hannun riga. Wadda ta fi duka ita ce kake zaune a kanta kana musu da ni. Mafi ƙanƙantar ƙashi kuwa yana can cikin kunne, tsawonsa wajen milimita 3. Shi ke shigar maka da maganata, ɗan'uwansa na ɗaya kunnen yana jiran ya raka ta waje.

Na ji ƙas! ƙas! Ka matsa yatsu. Ka ce kakarka ta ce mai yin haka amosanin gaɓɓai zai kama shi? Allah Ya jiƙan kaka, amma iska ce ke yin kumfa a cikin ruwan gaɓa, ba ƙashi ke karo ba. Wani likita a Kalifoniya ta Amurka, Donald Unger, ya shafe wajen shekara sittin yana matsa yatsun hannun hagu kaɗai, ya bar na dama, don kawai ya ga ko gaskiya iyayensa mata suka faɗa. Bai sami amosani a ko ɗaya ba. A 2009 aka ba shi lambar raha ta Ig Nobel. Ka ga ɗan'uwanka a gardama, sai dai shi ya kawo hujja.

To rage dariya, mun zo inda musu ke cin ƙafa. Ka faɗo daga babur, ƙwauri ya karye. Ka ce ai mai ɗori ne ke haɗa ƙashi? Ba shi ba ne, kuma ba likita ba ne. Da ikon Allah ƙashi ke haɗa kansa. Jini ya taru ya daskare a bakin karayar, cikin makonni kaɗan guringuntsi ya cike wurin, sannan ya rikiɗa ya zama ƙashi. Ƙananan karaya sukan haɗe cikin mako shida zuwa takwas, cinya da ƙwauri sukan ci watanni, yara kuma sun fi manya sauri. Aikin mai ɗori da na likita ɗaya ne: a daidaita, a hana motsi, a jira. Ban raina masu ɗori ba. Akwai gidajen da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, kuma da yawa sun tashi sun taka ta dalilinsu. Amma hannu, komai gwanintarsa, ba ya gani ta cikin fata. Tun 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ɗaukar hoton ƙashi. A ɗauki hoton mana, gani ya kori ji.

Ka ce ɗauri in bai matse ba ai ba ɗauri ba ne? Nan ne ɗan Adam ke kashe abin da ke da rai. Karyayyar gaɓa kumbura take yi. In aka jera mata kara aka tamke da tsumma tamau, kumburin ya rasa inda za shi, sai ya toshe hanyar jini, cikin 'yan sa'o'i tsoka ta fara mutuwa. Ga alamun, ka riƙe su ko da ka watsar da sauran maganata: azabar da ke ƙaruwa maimakon raguwa, musamman in an taɓa yatsu, yatsu su yi sanyi, su dushe ko su yi baƙi, su mutu ba a jin taɓi, ƙuraje masu ruwa ko ɗoyi su fito ta gefen ɗaurin. Ka ce ai magani ne ke aiki? Wallahi ba magani ba ne. A sassauta nan take a tafi asibiti, ko da tsakar dare ne. Haka in ƙashi ya ɓullo ta fata, ko wanda ya faɗi yana kukan wuya ko gadon baya. Wannan ba a naɗe shi a cusa a Keke Napep. A shimfiɗe shi a kan abu mai tauri, a riƙe kansa kada ya juya.

Ka ce ai asibiti yankewa suke yi? Sannu, gwani. An bar ƙafa a ɗaure mako biyu har ta yi baƙi, sannan aka kinkimo ta, likita ya yanke matacciya don ya tsirar da mai ita, kai kuma ka koma majalisa kana cewa "ban faɗa muku ba?" Da an kai ta ranar farko, wataƙila filasta kawai za a sa. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana nan tun 1959, kuma aikinsa na kullum gyaran ƙafa ne don mai ita ya koma gida a kanta. Ka ce akwai masu karya ƙafar kaza, ranar da ta taka majinyaci ya taka? Ana yi a wasu sassan ƙasar nan. Ita kazar me ta yi? Ita ta hau babur? Ƙashinta ƙarami ne, tana riga mutum warkewa. In ka biye mata ka taka kafin lokaci, ita tana kiwo kai kana sabon ɗori. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa ƙashin da ya taɓa karyewa ya fi ƙarfi. In ya warke daidai, ya koma yadda yake, ba a ba da gyara.

Ka ce a cikin 206 ɗin wanne ne ƙashin arziki? Har yau hoto bai kama shi ba, sai dai ka nema a gona da kasuwa. Ka ce duk da haka kai ba ka gamsu ba? Ba komai, ga na ƙarshe kyauta. Ƙoƙon kanka da fuskarka ƙashi 22 ne, 21 a kulle suke da juna ba sa motsi. Guda ɗaya tak ke motsawa, muƙamuƙin ƙasa. Naka tun ɗazu bai huta ba. Ka tausaya masa, Malam, shi ma yana da rai.