Mu 'Yan Kawo da Talatarmu

Malam, wata uku da tarewarka a Kawo, amma har yau Kasuwar Gumi kake zuwa sayen tumatir? To ai ba ka tare ba tukuna, kayanka ne dai suka iso. Gyara zama ka ji yadda muke.

Mu nan daga Talata mako yake farawa, ranar da kasuwarmu ke ci. Tun da sassafe motoci ke sauke kaya daga Rigachikun da Birnin Yero da ƙauyukan Igabi: wannan masara, wancan doya, waccan kaji a kwando. Ran Laraba kowane magidanci sai ya rantse: "Ni da kasuwar nan har abada, cunkoso ya ishe ni." Talata na zagayowa, da shi za ka fara cin karo a wurin 'yan hatsi, yana faɗa a kan gyara.

Kuma ba ma saye da safe, safiya ta 'yan sari ce. Mu sai la'asar sakaliya, lokacin da mai kaya ya fara lissafin kuɗin motar komawa. Ka taya, ya ce albarka, ka juya kamar ka tafi, amma kunnenka yana baya. Sauran kwana shida kuwa mai shagon layi ne ke riƙe da mu, shi da littafin bashinsa. Shi ya sa ran Talata muke sulalewa gida ta bayan layi da ledojinmu, kada ya ga ashe muna da kuɗi.

In wani ya cika maka baki shi ɗan asali ne, tambaye shi garin kakansa. Kadunar ma sai a 1917 Turawa suka dawo da hedikwatarsu nan daga Zungeru, kuma Gbagyi suka tarar. Yawancinmu zuwa muka yi. Wani aikin soja ne ya kawo kakansa bariki, wani aikin gwamnati, wani kuwa a tasha ya sauka daga Katsina da niyyar kwana biyu, ga shi har da jikoki. Sunan ma ya faɗi gaskiya: an kawo mu, mun kawo 'yan uwa, su ma sun kawo nasu. Hayin Banki ta cika, gonaki suka koma filaye, filaye suka koma gidajen haya. Duk da haka, in za mu bi titin Ali Akilu sai mu ce "za mu shiga gari", alhali gari ya daɗe da wuce mu, ya nufi hanyar Zariya.

Gadar Kawon nan da Buhari ya buɗe a Janairun 2022, samanta na masu wucewa Kano ne. Mu ƙasanta muka sani, don duk kwatancenmu ɗaya ne: "Ka sauka ƙarƙashin gada, ka kira ni."

Talata mai zuwa ka fito bayan la'asar, ka taho da buhu. In za mu dawo, ka biyo ni ta bayan layi.