Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Alhaji Laftof, Mijin Mace Biyu

Bayan gaisuwa da fatan batir na riƙe caji, na rubuto ne a matsayina na waliyyin amaryarka Linux, don ƙorafi ya yi yawa.

Ranar da muka kawo ta ka yi alkawarin adalci. Aka raba faifai gida biyu, aka tsayar da GRUB a bakin zaure yana tambayar ɗakin wa za a shiga. A baki dai rabon kwana ya yi. To amma Alhaji, gaɓoɓin jikinka uwargida Windows kaɗai suka sani, don da ita aka gwada su tun daga masana'anta.

Daren farko amarya ta ce ba ta ga faifai a gidan ba, sai da aka shiga BIOS aka mayar da shi daga RST zuwa AHCI. Wannan ya wuce. Katin Wi-Fi kuma ya ce ba zai kula ta ba sai an kawo direbansa. Direban yana intanet, intanet ɗin kuwa sai da Wi-Fi. Wayar salula da igiyar USB ne suka fitar da mu kunya.

Sai likimon uwargida. Tun fitowar Windows 8 a 2012 ta koyi wani abu wai shi Fast Startup: a ce ta kwanta, sai ta lumshe ido kawai, ta bar ɓangarenta na NTFS a kulle. Amarya ta leƙa ta karanta, amma babu halin rubuta ko harafi ɗaya. Kai kuma ka naɗe hannu, wai ba ka shiga faɗan mata.

Agogo ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Guda ɗaya ne a ƙirjinka, amarya tana saita shi a kan UTC, uwargida kuwa tana ɗaukarsa lokacin gari. Da yake Najeriya da Nijar suna gaban UTC da awa 1, wanda ya fito daga ɗakin amarya ya shiga na uwargida sai ya tarar ƙarfe 2 ta koma 1. Mai dogaro da kai da azumi, sai a sallame Asuba yana kan cin sahur. 'Yan uwanmu na zangon Kumasi ba su san wannan fitina ba, lokacinsu daidai yake da UTC.

Na'urar sauraro ta Bluetooth ma ta koyi munafunci: kowace mace da makullin da ta ba ta, ita kuwa na ƙarshe kawai take tunawa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, a kashe Fast Startup yau ɗin nan. Mu kuma za mu lallashi 'yarmu da timedatectl ta bi lokacin gari, tunda ita ce ƙarama. In kuwa ka ƙi, filashin da aka ɗaura auren da shi yana aljihuna, kuma a cikinsa akwai zaɓin goge faifai gaba ɗaya.

Wassalam,
Surukinka, waliyyin amarya.